Idan Wanda Kuka Fito Ciki Ɗaya Ya Rasu

A gidan rasuwa kowa ya san inda zai nufa da gaisuwarsa. Mata su shige ɗakin uwar mamaci, su fito su leƙa na matarsa, su shafa kan marayu. Maza su durƙusa gaban mahaifi ko baffa, wanda aka shimfiɗa wa darduma a tsakiyar rumfa. Kai kuwa da kuka sha nono ɗaya da shi, kai ake aika sayen likkafani, kai ke kiran mai hayar rumfa da tabarmi, kai ke duba ko butoci sun ƙare ruwa. In wani ya tsaya a kanka, abin da zai ce bai wuce, "Sai haƙuri, yanzu kai ne babba, ka kula da Hajiya." Ba da mugun nufi ake faɗa ba. Sai dai a yi makoki a watse babu wanda ya tambaye ka yadda kake kwana.

Yayana ya rasu bayan gajeriyar jinya. Shi ne ɗan fari, ni ke bi masa, mahaifinmu kuma ya daɗe da rasuwa. Ya bar Hajiyarmu, da matarsa, da yara uku, babbansu namiji bai gama firamare ba. Abin da zan faɗa nan shi ne abin da nake gaya wa duk abokin da irin wannan ta same shi, in na samu na ja shi gefe bayan an dawo daga maƙabarta.

Kafin labari ya riga ka

Abu na farko, tun kafin a fara maganar wanka, ka hana kowa ɗora hotonsa a waya. Ka faɗa da babbar murya, musamman ga samarin gida. Yanzu mutum na cikawa, kafin a rufe shi da zane wani ya riga ya sa hotonsa a WhatsApp da "Inna lillahi" a ƙasa. Ƙanwarmu da ke aure a Gusau tana da tsohon ciki a lokacin. Na kira mijinta, na ce ya bar abin da yake yi ya koma gida, ya zauna kusa da ita, sannan ya kira ni. Da bakina ta ji. Duk 'yar'uwar da ke aure nesa ta cancanci wannan, ko ɗakinku ɗaya ko ba ɗaya ba. Ka lissafa su a takarda in kanka ya ɗau zafi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga baya duniya ta ji.

Sannan ka raba aiki. Ka samu mutum biyu da ba jininsa ba, aboki ko maƙwabci, ka ba ɗaya wayarka ya riƙa amsa masu tambayar ƙarfe nawa ne jana'iza, ka ba ɗaya kuɗin haƙa da na likkafani. Mutane na son a sa su aiki a irin wannan rana, kunya ce kawai ke hana su tambaya.

Abin da ba zan so ka wakilta wani ba shi ne wanka da sa shi a kabari, in dai zuciyarka za ta ɗauka. Ba sai ka iya ba. Malamin da zai yi wankan ya san aikinsa, kai zuba ruwa kawai za ka yi. Ni na riƙe buta. Na ga tabon da ke gwiwarsa ta hagu, wanda ya samu ranar da muka faɗo daga keken Baba a kan gangaren unguwarmu, shi yana tuƙi ni ina baya. A duk waɗanda ke ɗakin nan babu wanda ya san asalin tabon sai ni. A nan na gane me na rasa: mutumin da ya san yarintata ba tare da na ba shi labari ba. A maƙabarta ma na shiga ramin, aka miƙo shi, na juya fuskarsa gabas, ina ji ana miƙo itace ana kwaɓa ƙasa. Waɗanda suka tsaya nesa su ne na ga sun fi daɗewa suna jin kamar tafiya ya yi zai dawo. In kuwa ka ji ba za ka iya ba, ka bari, babu laifi a ciki.

Mata ba sa rakiya, don haka kafin a fita da makara ka tabbata an ba 'yan'uwansa mata wuri sun zo kansa sun yi masa addu'a. Sau da yawa a kan kira uwa da mata da 'ya'ya, a manta da ƙanne suna can bayan ɗaki suna kuka. Ka kira su da sunansu.

Kuma ka ci abinci. Maƙwabta za su aiko da kwanuka, sunna ce ma, tun daga ranar da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina Annabi (SAW) ya ce a dafa wa iyalinsa abinci domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Amma kwanukan nan a gaban baƙi suke ƙarewa. Ka sa a ware maka naka a cikin gida.

Kuka

Za ka ji an ce namiji ba ya kuka, za ka ji an ce kuka azaba ne ga mamaci. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da faɗin maganar da ke nuna jayayya da hukuncin Allah. Hawaye ba ya cikinsu. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Kwana 3 da ake magana kuwa, iyakar zaman makoki ne da barin ado. Lokacin da ɗan'uwan Nana Zainab bint Jahsh ya rasu, ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta kuma faɗa a fili cewa ba don tana sha'awar turaren ba ne, don dai ta ji Annabi ya hana mace ta wuce kwana 3 tana makoki in ba na miji ba. Ka duba da kyau, ba ta ce zafin ya wuce ba. Sayyidina Umar, wanda kowa ya san taurin zuciyarsa, wansa Zaidu ya yi shahada a yaƙin Yamama zamanin Sayyidina Abubakar, kuma an ruwaito yana cewa iskar gabas ba ta kaɗawa face ta tuna masa da Zaidu. A ƙasarmu ma, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u ta zauna ta tsara masa marsiyya. Uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa, abin da mu yau za mu kira 'yan uba mu ɗauka ba a jin zafin juna. In malama kamar Nana Asma'u ta ga rashin wa ya isa a rubuta, to kai ma naka ya isa ka zauna ka ji shi.

Ka nema wa kukan wuri da lokaci, domin a cikin rumfa ba zai samu ba. Nawa a cikin mota ne, bayan sallar isha'i, in na kai baffanninmu masauki ina dawowa ni kaɗai. Wani a sujada yake samu. Addu'ar da Ummu Salama ta koya daga Annabi, wadda ake roƙon Allah ya ba da lada a kan musiba ya kuma musanya da mafi alheri, gajeriya ce, ka nemi malami ya biya maka in ba ka haddace ba.

Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in, na san gidajen da 'yan'uwa suka daina gaisawa a kanta. Malamai sun saɓa, wasu na ganin bidi'a ce, wasu na ganin sadaka ce da addu'a. Ra'ayina, duk ɓangaren da kake, kada ka tayar da wannan muhawara a gaban uwar da ta binne ɗanta shekaranjiya. In kana da ja, ka samu dattijon da take jin maganarsa, ya yi mata a hankali.

Hajiya

Uwa Bahaushiya ta jiya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Hajiyarmu ta yi shekaru tana ce masa "wannan yaron" ko "yayanku". Da ya rasu sai alkunyar ta bi ta har cikin makoki, mata na kuka ita tana jan carbi tana ba su haƙuri, kowa na yaba tawakkalinta. Ba ta ci, ba ta barci. Kada shirun irin waɗannan iyaye ya ruɗe ka. Ka sa a riƙa auna mata hawan jini, in tana shan magani ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin ba ta a kan lokaci, domin a hayaniyar makoki magani ne abin da ake fara mantawa.

Bayan an watse ka riƙa zuwa kana zama, ko ba ku yi magana ba. Ka riƙa ambatonsa. Mutane na guje wa sunan mamaci a gaban uwarsa wai kada su tuna mata, sai ka ce ta manta. Ranar da na ce mata, "Hajiya, kin tuna dukan da kika yi mana a kan keken nan?" ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ranar ce kuma ta fara cin tuwo da ɗan yawa.

Sai dai kada ka yi ƙoƙarin zama shi. Yaya kullum da asuba yake biyowa ya gaishe ta kafin ya wuce ofis. Ni kasuwa nake, yamma ta fi mini. Na ci gaba da zuwa da yammata. In ka ɗauki duk abin da yake yi ka haɗa da naka, ba za ka yi wata shida ba za ka gaji, ka fara jin haushin mutanen da kake yi domin su.

Bashi, waya da takardu

A wurin jana'iza za a yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya ga wane, kuma wanen nan kai ne. Ka sayi littafi sabo tun ranar. Duk wanda ya zo ka rubuta sunansa, da adadin, da shaidarsa, ka ce ya dawo bayan an share makoki. Kada ka biya kowa a tsaye, kada kuma ka ƙaryata kowa a tsaye. Ka tambayi matarsa da amininsa, su suka san adashin da yake zubi, da mai shagon da yake karɓar kaya a wurinsa, da ajiyar mutane da ke hannunsa. Bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya in ya bari, ita ma ba ta wuce kashi 1 cikin 3 na dukiya, sannan a zo ga gado.

Wayarsa ka adana ta da kyau, kada a ba yaro ya yi wasa da ita. Ka riƙa sa wa layin kati kana ɗan kira da shi, saboda layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, alhali asusun bankinsa da su OPay duk da wannan lamba aka ɗaure su. WhatsApp ma kan rufe asusun da ya kai kwana 120 ba a buɗe ba. Saƙonnin muryarsa da ke cikin taka wayar ka kwafe su zuwa wani wuri tun yanzu, ko da ba ka iya sauraro. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa. Wata rana 'ya'yansa za su so jin muryar ubansu, kuma wataƙila a wurinka kaɗai ta rage.

Ko ka san lambar sirrin katinsa, kada ka cire ko sisi kai kaɗai. Daga lokacin da ya cika, kuɗin nan na magada ne. In dole ta sa a taɓa don abincin yara, a yi da sanin matarsa da wani babba, a rubuta.

In a asibiti ya rasu, ka karɓi takardar likita kafin ku bar wurin ko cikin makon. Da ita za ka je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar rasuwar a ba ku takardar shaida. Ka yi mata kwafi da yawa, kowane ofis sai ya nema. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu. Sunan da ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa, ko naka ne, bai mai da kai mai kuɗin ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. In ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ko na kamfani, ban da abin da ya tara a asusun fansho, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, ba sa tambaya. Ka tambaya, a rubuce. Ma'aikatan jiha kuwa kowace jiha da tsarinta, sai ka je ofishinsu.

Wannan zirga-zirga tana da wani amfani da ba a faɗa: tana ba ka abin yi da safe. Tana kuma da haɗari, domin mutum na iya ɓuya a cikinta shekara guda bai zauna ya yi jimami ba.

Matarsa da yaransa

Za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, in tana da ciki kuma sai ta haihu. A gidan mijinta take da haƙƙin yin ta. Cikin wannan lokaci kada ka bari kowa, ko da wasa, ya kawo zancen wane ƙane ne zai "riƙe gidan". Na ji an yi wannan maganar a bayan rumfa tun ba a yi bakwai ba, kuma ba abin da ke sa mace ta tsani dangin miji irinta. In ma akwai rabon aure a gaba, ita ke da zaɓi, bayan ta fita.

Ka san matsayinka a gado tun wuri don ranka ya huta. In ya bar ɗa namiji, ko mahaifinku na raye, ɗan'uwa ba ya cin komai. Matarsa na da kashi 1 cikin 8 tunda akwai 'ya'ya, uwa kashi 1 cikin 6, uba ma haka in yana raye, sauran na yara in akwai namiji a cikinsu. In 'ya'ya mata kaɗai ya bari kuma babu uba, a nan ne 'yan'uwa ke shigowa, kuma a nan ne aka fi samun rigima, don haka a kai wa malamin da ya san ilimin gado ko kotun shari'a, kada a raba a zaure. In kason marayu ya zauna a hannunka, ka buɗe masa asusu daban, ka rubuta duk abin da ya fita, ka riƙa nuna wa uwarsu. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta isa gargaɗi a kan dukiyar maraya.

Al'adar da ake yi ta raba yara, wannan baffa ya ɗauki ɗaya, waccan gwaggo ta ɗauki ɗaya, ban goyi bayanta ba sai in babu yadda za a yi. Sun rasa uba, sai kuma a raba su da uwa da juna a shekara ɗaya? A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya'yanta muddin ba ta yi wani aure ba. Ka taimaka musu a inda suke. Ka ɗauki abu ɗaya da ka san za ka iya riƙewa shekara da shekaru, kuɗin makaranta ne ko buhun masara, ka tsaya a kansa. Alkawuran da ake yi a rumfa, "yaran nan nawa ne", yawancinsu ba sa kai Sallah.

Abin da ya rage tsakaninku

'Yan'uwa ba sa rabuwa da saɓani. Wani ɗan'uwansa zai rasu suna gaba a kan fili, wani a kan wata magana da matansu suka haddasa, wani kuma kiran ƙarshe ne bai ɗaga ba. In kana cikin waɗannan, ka furta da bakinka cewa ka yafe masa, ka roƙa masa gafara, ka yi sadaka da niyyarsa, ka kyautata wa waɗanda ya bari. Iyakar abin da ke hannunka ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. Tunanin "da mun kai shi wani asibitin" zai zo, ya kan zo wa kusan kowa. Ka tambayi likitan da ya duba shi abin da ya faru in hakan zai kwantar maka da hankali, sau ɗaya, ka bar shi nan.

Sai zancen sammu. In mutum ya rasu da ƙuruciya, musamman yana cikin samu, ba a rasa wadda za ta matso kusa da uwarsa ta ce, "Anya kuwa wannan ciwon na Allah ne?" A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, wannan tambaya kaɗai ta isa ta raba zuri'a har jikoki. Ka tare ta tun a bakin ƙofa, ko daga bakin wa ta fito.

Ku da kuka rage kuma ku riƙa tambayar juna. Kowa zai ɗauka shi kaɗai ke ji, saboda kowa na ɓoyewa don kada ya tayar wa ɗan'uwansa. Autarmu, wadda Yaya ya biya wa makaranta tun daga sakandare, ita ta fi kowa shiru, ita ce kuma aka fi mantawa da ita wajen gaisuwa.

In an watse

Makoki ba shi ne mai wuya ba, akwai mutane. Wuyar na zuwa in an naɗe tabarmi, masu "ya ƙarin haƙuri" sun ragu, ka ga abin dariya a hanya ka ɗauko waya za ka kira shi. Azumin farko da Sallar farko ka shirya musu tun kafin su zo: wa zai kai yara ɗinki, wa zai kai su Idi, a gidan wa za a ci abinci. In aka bar abin ya zo da kansa, kowa zai zauna a ɗakinsa yana jiran wani ya fara. Ka riƙa leƙa kabarin, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi, domin sabon kabari kan zauna, ka tafi da shebur ka gyara.

Rashin barci, da mantuwa, da saurin fushi, da jin kamar ka hango shi a cikin taro, duk ana yin su a watannin farko, suna kuma raguwa. Wanda ba ya raguwa shi ne abin lura. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa jimamin da ya wuce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa a cikin larurorin da ake dubawa a asibiti. In ka kai nan ba ka iya fita nema, ko ka fara shan maganin barci ko na tari ba da izinin likita ba don ka samu ka runtsa, ka je a duba ka. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kana iya haɗawa da addu'arka. In kuwa tunanin ka bi shi ya fara zuwa maka, wannan ba a jira wata 6, ka gaya wa wani a ranar, ku tafi asibiti tare.